Kofin Sallamar Baƙo

Usta Ergash ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da aikin yumɓu a wata makarantar sana'a a Rishtan, kuma abu ɗaya ya koyar: kofin shayi shuɗi, da zanen rumman guda a tsakiya. In ɗalibi ya zana rumman biyu, sai Usta ya ja shi gefe ya tambaye shi ko lafiya a gida.

Bana takarda ta zo daga sama cewa dole a koyar da ƙirƙira. Sufeto zai zo bayan mako biyu. In bai ga sabon abu ba, za a rufe ajin a zuba kwamfutoci.

Usta ya tsaya gaban ɗalibansa ashirin. "Ku ƙirƙira," in ji shi. "Kafin azahar."

Sha tara suka ƙirƙiro kofi shuɗi mai rumman guda. Ta ashirin, Mohira, matar aure mai 'ya'ya uku, ta kawo nata. Daga waje kofi ne kamar na kowa, amma cikinsa cunkushe da yumɓu, ramin bai wuce cokali biyu ba.

"'Yata, wannan kofi ne ko dutsen niƙa?"

"Na yayan mijina ne, Usta. Tun hantsi yake zuwa, ba ya tafiya sai ya ga ƙasan tukunyar shayi."

A garinmu baƙon da ake so kaɗan-kaɗan ake zuba masa shayi, a yi ta ƙarawa. Wanda aka cika wa kofi, an ce masa ya sha ya kama hanya.

"Ni ɗigo zan zuba, don ladabi," in ji Mohira. "Kofin ne zai yi rashin kunyar."

Usta ya ce wannan cin mutuncin sana'a ne. Ya dai gasa shi, don kada yumɓu ya tafi a banza.

Ranar da sufeto Davron ya zo, Usta ya miƙa hannu kan kanta bai duba ba, ya ɗauko kofi ɗaya cikin ashirin, ya zuba ɗigo. Shayi ya kai baki.

Sufeto ya dubi kofin, ya dubi Usta, ya ɗauki jakarsa. "Na ji saƙo."

"Yallabai Davron, ba shi ba ne, kofin ne!" in ji Mohira, ta zubar da shayin ta nuna masa cikin.

Sufeto ya daɗe yana juya kofin a hannu. Can ya rage murya. "Ƙanin matata ya zo wai kwana uku zai yi. Tun lokacin tsinkar auduga. Akwai wani kofin?"

Ba a rufe ajin ba. Rahoton ya ce ƙirƙira ta kankama.

Yanzu abu biyu Usta Ergash yake koyarwa, duka da rumman guda a tsakiya. Shi kuwa duk gidan da ya je, kafin ya kai kofi baki sai ya ɗan auna nauyinsa a tafin hannu. Sau biyu ya taso da wuri.