Kofin Kuskus na Baba Sikeli

Duk rayuwar Baba Sikeli a kan awo ta ƙare. A ɗakin ajiyar kaya ya yi aiki tun yana saurayi har furfura ta cinye kansa: buhu ya hau sikeli, allura ta motsa, ya faɗi nauyi. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ka ga kamar auna ta yake yi. Abin da bai taɓa aunawa ba shi ne abincin da yake ci, don wannan aikin mai ɗakinsa ne, ita kuwa bara ta rasu.

Daga nan ya koma shayi da burodi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Autarsa ta lura, ta ce ranar Asabar za ta zo da akwati ta kwashe shi zuwa gidanta. Shi kuwa ba abin da yake tsoro kamar barin ɗakin nan. Ya ce ta ci girkinsa tukuna, in bai ciwu ba ya bi ta.

Ya sayo kuskus, don an ce masa ko yaro zai iya dafawa. A bayan leda aka ce a ɗebi giram ɗari biyu. To, da me? Tsohon sikelin da aka ba shi kyautar ritaya ko gezau bai yi ba, shi sai buhu. Mai shago ya ce kofi ɗaya ne. Matar maƙwabci ta ce a'a, kofi ɗaya da ɗan ƙari, ruwa kuma a zuba da kofin da aka ɗebi kuskus ɗin. Wane kofi, na shayi ko na shan ruwa? A tule ko a shafe? Kowa ya ce masa ai ido ne ke gani, kansa ya ƙara kullewa.

Ya sauko da kofin silbar marigayiya daga jikin ƙusa, ya juye ledar rabin kilo, ta ba shi kofi uku saura kaɗan. Ashe matar maƙwabci ce da gaskiya. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da ya riƙe kuskus a hannun dama, ruwa a hagu, sai ya ji ruwan ya rinjaya. Shi da bai taɓa tauye awo ba, ba yau zai fara ba. Ya yi ta rage ruwan har hannuwansa biyu suka yarda.

Abinci ya fito kamar yashi. Auta tana tauna, shi yana jin ƙarar, idonsa na kan akwatin da ta jingine a bakin ƙofa. Kunya ta hana shi ɗaga cokali. Ya yi mata bayanin hannun dama da na hagu, ta fara dariya, sai ta ga kofin a kan tebur, ta daina.

"Baba, Mama ba ta taɓa tambayar nauyinsu ba. Kofi ɗaya wannan, kofi ɗaya wancan."

"Ai ba daidai suke ba."

"Na sani. Haka nan take zubawa, kai kuma kana cinyewa."

Ta cinye nata tas, da ruwa tana turawa. Ta wanke kofin, ta daɗe tana goge shi, sannan ta mayar da shi jikin ƙusarsa. Ta ce Asabar mai zuwa ya cika ruwan. Da ta ɗauki akwatin, ko bai taɓa shi ba ya san ba komai a ciki.