Daeng Sikki Ya Kira Daga Tsakiyar Teku

A unguwarmu ta Mariso, nan bakin teku a Makassar, ba a kwatancen gidan Daeng Sikki. Ɗaga kai kawai za ka yi. Rufin da ya fi kowanne tarkacen gora da wayoyi, to nan ne. Kanikancin motocin haya ya yi har kansa ya yi fari, ya bar wa yaran da ya koya wa aiki garejin, amma zama ya gagare shi. Ko a masallaci gwiwarsa rawa take yi. In ka miƙa masa kofi, a tsaye zai shanye yana leƙen titi. Wuri ɗaya ne kujera ke samunsa: ɗan ɗakin bayan kicin, gaban rediyonsa na oba-oba mai gajeren zango, inda yake hira da mutanen Japan da Ostareliya waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Shi ya koya mini harkar, ya raka ni jarrabawar lasisi, ya sa ni a ƙungiyarmu ta masu irin wannan rediyo.

'Yarsa Hasriani, da ke aikin jinya a Singafo, ita ta saya wa iyayenta tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, daga Singafo zuwa Penang da Phuket a dawo. Ibu Saenab, matarsa, ta kai ɗinki tun ranar. Shi kuwa ya ce ba ya zuwa.

"Me zan yi a otal mai iyo? In ci in kwanta, in tashi in ci?"

Muna zaune a rumfar mai kofi na ce, "Ai kuwa, Daeng, duk ƙungiyar nan babu wanda ya taɓa kira daga tsakiyar teku."

Ya ajiye kofin, ya zuba mini ido. Sai ya tafi gida.

Daga ranar unguwa ba ta huta ba. Ya samo ƙaramin rediyo da batir, ya sayi doguwar sandar fatsa mai naɗewa don ta ɗaga masa wayar eriya, yana hawa rufi yana sauka yana gwaji. Ya matsa wa Hasriani ta tambayi kamfanin jirgin, aka ce mata wannan magana ce ta kyaftin. A kunnen Sikki, an yarda ke nan. Ana gobe tafiya Ibu Saenab ta buɗe akwati ta tarar da rediyon a naɗe cikin sabon zanenta.

"Baban Hasriani, da ni za ka yi tafiyar ko da wannan?"

"Ai ba ya cin wuri."

"Ya dai ci wurin takalmana."

A tashar jiragen ruwa ta Singafo masu binciken kaya suka tsayar da akwatin. Suka fito da rediyo, da batir, da ƙullin waya, da sandar, suka jera a kan tebur suna kallonsa. Turancin Sikki na rediyo ne zalla: ya iya faɗin lambar kiransa ta rediyo, da yanayin sama, da yadda muryar mutum ke fita. Ya nuna lasisinsa, ya yi ta maimaita "kyaftin". Suka kwashe kayan suka ce za a ajiye su a jirgi sai ƙarshen tafiya.

Ibu Saenab ta ji daɗin jirgin tun daga ƙofa. Kafin yamma ta yi ƙawaye, wasu mata daga Medan, suna bin ɗakunan cin abinci suna ɗanɗana komai. Shi kuwa sai zagaye. Ya hau bene ya sauka bene, ya bi baranda daga gaba zuwa baya yana girgiza ƙarafa, yana duba inda za a ɗaura waya. Ya tsaya ƙarƙashin fararen ƙwallayen da ke saman jirgin yana ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Safe da rana yana teburin karɓar baƙi yana neman izinin kyaftin, har matar wurin ta fara ce masa "ba labari tukuna, Pak", wato malam, tun bai ƙaraso ba. Da jirgi ya tsaya a Penang ya ƙi sauka, wai kada kyaftin ya aiko ba ya nan.

"Mutumin da ke tuƙa gari guda, kai zai aiko wa?" in ji Ibu Saenab. Ta ɗauki jakarta ta bi matan Medan. Da ta dawo ta ajiye masa ƙunshin soyayyar taliya a kan gado.

Da yamma aka sanar cewa kyaftin zai fito a ɗauki hoto da fasinjoji. Sikki ya sa rigarsa mai dogon hannu ya bi layi. Da aka zo kansa ya kama hannun Baturen, wani ƙato mai jan gemu, ya ƙi saki. Ya zuba masa jawabin da ya yi ta haddacewa a baranda, ya faɗi lambar kiransa, ya ƙare da "oba". Kyaftin ya fashe da dariya, shi ma ya amsa da "oba", ya sa aka kira jami'in sadarwa.

Jami'in, wani mutumin Filifin mai furfura, ya zaunar da shi da tafinta ya shimfiɗa masa sharuɗɗa. Ba a tasha ba, ba kusa da ruwan wata ƙasa ba. Sai ranar dawowa, a buɗaɗɗen teku, bayan azahar, na ɗan lokaci. Can bayan jirgi, nesa da na'urorin tuƙi, da ƙarfi kaɗan, kuma shi jami'in yana tsaye a kansa. Sai ranar za a ba shi kayansa. Ba a ɗaura komai a jikin jirgi. Daga Phuket Sikki ya turo mini saƙo ta waya, da ranar da mitar, ya ce in gaya wa kowa. Bayan nan suka shiga inda waya ba ta da sabis.

Ranar, muka taru a barandata, wasu kuma suka kunna a gidajensu. Abin da ya faru a can, daga baya na ji. Iska na kaɗawa, kuma tunda an hana ɗauri, dole wani ya riƙe sandar. Ibu Saenab ce ta riƙe, mayafinta na tashi, matan Medan na gefe suna dariya. Sikki ya kunna, sai shuu kamar ana suya. Fitilu da injina da dubban na'urorin jirgin sun cika masa kunne da ƙara. Ya murɗa nan ya murɗa can, sannan ya fara kira.

Mu kuwa mun ji shi. Muryar siririya ce, tana zuwa tana komawa, amma tasa ce: lambarsa, da ƙarin "daga kan teku" da ya daɗe yana son faɗa. Na ɗauki makirufo na amsa. Ya sake kira. Haji Baso, ɗan ƙungiyarmu, ya amsa daga Gowa da babban rediyonsa. Ya sake kira. Wani Bature daga Darwin ya shigo yana ta ambaton lambarsa. Shi kuwa Sikki bai ji ko ɗayanmu ba. Na rasa inda zan sa kaina, na tashi na zauna, na juya eriya, na yi ta magana da ƙarfi kamar hakan zai taimaka.

Can sai ya manta yatsarsa a kan maɓallin.

"Ɗaga sama kaɗan," muka ji ya ce.

"Hannuna ya mutu, Baban Hasriani. Ka samu wani?"

"Babu kowa." Iska ta yi ta busawa a makirufon. "Ba mai jin mu, Saenab. Na bar ki kina yawo a garin mutane ke kaɗai, a kan wannan. Sauke kawai."

Sai muka ji muryar Ibu Saenab.

"Ni ban ce zan sauke ba. Mutumin bai duba agogo ba tukuna. Sake kira."

A barandata babu wanda ya kalli wani. Ya sake kira, muryar ta dushe, ya ci gaba har jami'in ya taɓa kafaɗarsa.

Sauran tafiyar ya bi ta duk inda ta ce. Ya zauna kallon masu rawa, ya bari aka ɗauke su hoto da hular takarda. Suna shiga Singafo wayarsa ta fara ƙugi ba tsayawa. Ya kira ni tun yana kan layin fita.

"Tompo, da gaske ne ko tausayina kuke ji?"

"Mun ji ka tas, Daeng. Har da abin da ba ka yi niyya ba."

Sai ya ce, "Su wa da wa?"

"Kowa. Har da Darwin."

Na ji Ibu Saenab a gefe tana tambaya me aka ce, yana ce mata babu komai, maganar mita ce.

Da suka dawo, 'yan ƙungiya suka yi masa walima da gasasshen kifi, kowa ya shigo sai ya ce "ɗaga sama kaɗan, Daeng". Ibu Saenab ta fi kowa dariya. Shi bai yarda an yi nasara ba. A ƙa'idarmu sai kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa kafin a ce an haɗu, kuma ya ce ba zai karɓi rabin abu ba. Laifin fitilun jirgin ne, in ji shi, jirgin da ba shi da wurin rawa ba zai yi wannan ƙarar ba.

Yanzu kullum da safe yana tashar Paotere, inda jiragen katako ke lodin siminti da albasa zuwa Flores. Ibu Saenab ta ce ita da kwana kan buhun albasa sai dai a labari, ita da matan Medan suna da nasu shirin. Makon jiya na hango shi tsaye kan wani jirgi, ya kama igiyar tirken filafilai yana jijjigawa, yana yi wa mai jirgin bayani da hannu bibbiyu. Na tambayi mutumin ko sun daidaita.

"Ni ban ce masa e ba," ya ce. "Amma ya riga ya kawo batir."