Ranar Da Na Yabi 'Yar Fari A Gaban Likitoci

Mu shida ne a ɗakin ran nan: likitoci biyu, mace da namiji, da magatakarda, da 'yata ta fari a kan kekenta na guragu, da ƙanenta, sai ni a kujerar bakin ƙofa, jakata a cinya.

Maganar mota ce ta kai mu. Gwamnatin Masar tana ɗauke wa ɗan ƙasa mai naƙasa kuɗin kwastan, ya shigo da mota a sa mata birki da totur na hannu, amma sai likitoci sun gwada shi sun cika takarda. Marigayi mijina Bamisire ne, don haka yaran 'yan ƙasa ne. Ita shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana rarrafe. Shekara da shekaru tana fita daga Hadayek el-Maadi zuwa ofishin da take aikin fassara a Dokki, masu tasi da sun hango keke sai su ƙara wuta.

Ban yi boko ba, da kunne nake karatu. An bayyana mini takardar layi biyu gare ta: ko a rubuta ita za ta tuƙa da hannunta, ko a rubuta ɗan'uwa zai tuƙa mata. Tun a hanya ƙanen yake zuba, wai tuƙin Alƙahira ya gagari maza masu ƙafa biyu, wai shi zai ɗauke mata wahala. Ni na haife shi. Da an sa sunansa mota ta zama tasa, ita ta koma jiran ya tashi daga barci.

Likitan ya ba ta wani ƙarfe mai allurar auna ƙarfi ta matse. Dama ta yi, hagu ta ɗan yi rawa. Ya juyo ya tambaye ni, tunda ni na raine ta, ko hannuwan nan suna da ƙarfi.

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a bainar jama'a. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa ba. Sai na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka shakka nake. Na ga alƙalaminsa ya gangara layi na biyu, ƙanen har ya fara laluben lasisi a aljihu. Ita ko kallona ba ta yi ba, ta san al'ada.

Na miƙe. Da Larabcina na kasuwa na ce, "Dakata, ya doktor. A hawa na uku muke, ba lif. Da hannuwan nan take hawa kullum. Su suka yi wata takwas suna juya mahaifinta a gado. Ba a haifi mai ƙarfinta a gidana ba, har da wannan." Na nuna ƙanen. Sannan na faɗi sunanta cikakke, kada a yi kuskuren layi.

Likita macen ta yi dariya, ta ce a sake gwaji. Wannan karon allurar ta wuce inda ta tsaya da farko. Namijin ya ce khalas, wato shi ke nan, ya soke abin da ya fara, magatakarda ya buga hatimi.

A hanyar dawowa ƙanen ya cika ya yi fam. Ita kuma ta ce, "Ashe Inna kin san sunana." Na ce ta rufe mini baki, kuma kada ta saba.

Sun ce mota sai bayan watanni. Duk da haka washegari da sassafe na sauka, na sa mai gadin gidanmu ya taya ni mirgino gwangwani biyu cike da siminti, muka girke su a ƙofar gida, inda gefen titi ya fi ƙasa. Maƙwabcin da ya saba ajiye motarsa nan ya leƙo ta baranda. Na ce masa wurin direba ne, ya nemi wani.