Harsashi Ɗaya Da Ya Rage A Ciki

Wata bakwai ke nan ban ce muku uffan ba. Masu tambayar ko an tisa ƙeyata gida Kano ne, a'a, ina nan Makka. Kwance nake.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata: tura arabiyya, keken da ake ɗora tsofaffi a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Ƙafata ita ce jarina.

Ranar wata Juma'a muka ci shinkafa a gidan kawuna a unguwar Ka'akiyya. Ɗansa Majid, haifaffen nan, taubashina ne. Kun san wasan taubasai, ba a jin haushi. Shi ya kira ni takari mai ƙafar jaki, ni in kira shi ɗan madara.

Yana da ƙaramar bindiga mai lasisi, ran nan ya fito da ita zai goge. Na ce, "Ɗan madara da bindiga? Wallahi ko ƙadangare ba ka taɓa harbi ba."

Ya zare gidan harsashi ya ajiye a kan tabarma, yana dariya. A saman bindigar na hango wani ɗan ƙarfe mai jan fenti ya ɗan taso. Na ce mene ne wannan?

"Alama ce wai in akwai harsashi a ciki. Ta 'yan koyo ce, ya shekh, ko kallonta ba na yi. Ni na san kayana. Ga gidan harsashin can a ƙasa."

Ya saita ni a ƙafa. "Yalla, takari, yi mana rawa."

Dariya nake yi lokacin da bindigar ta tashi.

Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga tabarmar Kawu tana jiƙewa, na ji matarsa tana salati. Majid ya cire ƙyallen kansa ya ɗaure mini cinya, yana ta cewa, "Babu komai a ciki, wallahi babu komai a ciki."

A asibiti aka ɗauki hoto. Ƙashin da ke ƙasan gwiwar hagu ya tarwatse, babbar jijiyar jini ta yanke. Aka yi mini ƙarin jini, aka shiga da ni tiyata, aka ciro jijiya daga ɗaya ƙafar aka yi faci.

Da na farfaɗo, ƙarafa ne suka huda fatata sun riƙe ƙashin daga waje. Yatsun ƙafata sun yi sanyi ƙalau, ba na jin su.

Likitan, wani dattijo ɗan Sudan, ya zaro biro ya ja layi a ƙasan gwiwata. Ya ce, "Kwana biyu za mu jira. In jini bai sauka ba, nan za mu yanke."

Jama'a, na ji tsoro. Ban taɓa jin irinsa ba. Ƙafar da ta zaga Ka'aba sau ba adadi, ga ta da layin biro kamar yadi a hannun tela.

Kowane awa ma'aikaciyar jinya za ta ɗora wata 'yar na'ura a bayan ƙafata, tana neman ƙarar bugun jini. Shiru. Ta dawo, shiru. Matata Rabi ta rufe yatsun da tafin hannunta wai ko za su ɗumama.

'Yan dubiya kuwa suka mai da gefen gadona dandalin musu. Wani ya ce da Majid ya dubi alamar da ba a kai ga haka ba. Wani ya ce alamar ce ma ke sa mutum sakaci, ita da makullin kunamar bindiga duk ado ne. Rabi ta ce, "Don Allah ku je waje ku ƙarasa."

'Yan sanda sun zo, sun tafi da Majid da bindigar. Inshorar aikina ta ce ba ruwanta da harbi, Kawu ne ya ɗauki nauyin komai.

Da hantsin rana ta biyu, na'urar ta yi wata 'yar ƙara, shuu, shuu. Ma'aikaciyar ta ce in yi shiru, ta sake ɗorawa. Shuu, shuu. Likitan ya zo ya saurara da kansa, ya sa auduga ya goge layin. Na fashe da kuka a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Bayan nan ciwon ya yi ruwa, na sha zazzaɓi mako biyu, aka sake buɗewa aka wanke. Ƙarafan sun yi wata huɗu a jikina. Sai gashin ƙashi, da koyon tafiya kamar ɗan goye.

Na sa hannu a takardar yafiya. Aka saki Majid, bindigar kuma ba ta dawo ba. Amma ya kasa haɗa ido da ni, ya daina ce mini takari, sai "Malam Sabi'u". Wannan ya fi ƙarafan yi mini ciwo.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan, da Rabi, da abokan aiki da suka ba ni jininsu.

Masu bindiga, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Zare gidan harsashi ba ya fitar da wanda ya riga ya hau bakin bindiga. Ku ja saman bindigar baya ku duba da idonku. In alama ta taso, ku yarda da ita. In ba ta taso ba, ku duba duk da haka. Kar a saita bindiga ga mutum, ko taubashi ne.

Makon jiya na yi umara a kan arabiyya, Majid ne ya tura ni. A zagaye na bakwai na ce ya tsaya, na miƙe na dafa kafaɗarsa, muka ƙarasa da ƙafa. Sai haki yake, ya jiƙe sharkaf.

Na ce, "Zagaye shida kawai, ɗan madara?"

Ya share ido da haraminsa. Ya ce, "Nauyi gare ka, takari."