Yadda Na Kai Kiristal Ɗina Maƙerar Shinkafi

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da abokin karatuna, gwangwanin madara cike da auduga a cinyata. A cikinsa akwai kiristal guda, ɗan dutse mai ƙyalli, bai fi farce ba, wanda na yi wata biyar ina renonsa daga jan ƙarfe a murhun lantarkin sashenmu na kimiyya. Semikondakta ne, irin abin da ke barin lantarki ya wuce amma da ƙyar. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa a jere suke, sai 'yan gurabe nan da can. Sai an gasa shi a matsakaicin zafi, ya huce a hankali, sannan a ga yadda guraben suka sauya. Murhunmu ya lalace, malamina kuma ya ce ƙarshen wata zai rufe karɓar sakamako.

A Ƙaura muka tarar da tasha ta sauya tun zuwan Shari'a, motocin mata daban. Muka ci waina da zafinta, muka nufi makarantar da aka ce tana da murhu. Murhu na nan, wutar lantarki ce babu, kwana shida. Mai kula da ɗakin ya ce in gwada maƙeran Shinkafi. Na ɗauka zolaya ce.

Hanyar Shinkafi duk ramuka, kowane rami sai na ji shi a ƙirjina. Gero ya yi kai dama da hagu, ga shanu ana korawa kasuwa.

Maƙerin da aka nuna mana a Shinkafi dattijo ne. Ya juya kiristal ɗin a tafinsa.

"Malam, wanga ɗan abu ad da kai kaka zuhwa haka?"

Na ce, "Baba, shi ke nan gare ni, babu wani."

Na yi masa bayanin irin gashin da nake so. Ya sa shi cikin guntun bututu, ya sa aka rufe ƙofa da tabarma don ya ga launin bututun a wuta, ya ba ni zugazugi. Na saka wayar awon zafin da na zo da ita, ina zuga ina leƙen mita. Da bututun ya fara ja, duhu-duhu kamar hanta, ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

Na duba. Kusan daidai inda nake so! Sa'a guda ya riƙe wutar a haka da ido kawai, sannan ya binne bututun a toka, ya hana ni taɓawa sai bayan la'asar.

Washegari a Gusau na auna kiristal ɗin. Bai tsage ba, lantarki kuma ya fi wucewa sosai. Sau uku na maimaita.

Ba zan ce na tabbatar da komai ba, samfuri ɗaya ne, wataƙila hayaƙin gawayi ma ya taka rawa. Amma na koyi cewa zafin da nake karantawa a littafi, akwai masu ganinsa da ido. Malamina ya karɓi sakamakon. A rahotona, a gurbin sunan na'ura, bayan dogon tunani, na rubuta gaskiya: maƙera, Shinkafi.