Takwaran Sulle

Sulle na ƙauyen Turawa manomin gyaɗa ne, Allah bai ba shi haihuwa ba. Da ya auri Tani, ta zo da 'yarta marainiya, Safara'u, mai shekara uku. Masu baki, waɗanda ba sa rasa abin faɗa, suka ce agola ce. Shi dai ya ciyar da ita, ya sa ta makaranta, bai tanka wa kowa ba.

Ranar ɗaurin aurenta sai ga baffanta, ƙanen mahaifinta, wanda ko alewa bai taɓa saya mata ba, ya baje babbar riga shi ne waliyyi. Sulle ya koma gefen tabarma yana murza hula, yana tunanin ashe shi ba kowa ba ne a wurinta.

Da ta haifi namiji, ta roƙi mijinta aka sa masa Sulaimanu. Ranar suna Sulle ya tambaye ta me za ta riƙa kiran yaron. Ta sunkuyar da kai.

"Abba mana, Baba. Ina ka taɓa jin 'ya ta kama sunan ubanta?"