Kawu Labbo da 'Yan Amshinsa

Duk wanda ya zauna da Kawu Labbo a ƙarshen rayuwarsa ya san ba ya barin mutum ya gama gaisuwa sai ya auna masa murya. Kana cikin "ina kwana" zai ɗaga hannu ya riƙa saukar da shi a hankali, wato ka rage. In ka rage kuma ya ce ka ɓace, ƙaro kaɗan. Har ladanin unguwarmu a Aliero bai tsira ba. Ya taɓa tare shi ya ce kiran sallarsa lafiya lau, amma lasifika ta fi shi baki.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Dillalin albasa ne tun muna yara, kuma duk kasuwa babu wanda ya kai shi hayaniya. Sai da matarsa Inna Kulu ta rasu, 'ya'ya duk suna kudu, gida ya koma daga shi sai zabi, sannan babban ɗansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta don su riƙa ganin juna in sun yi waya. Kawu ya kai ta Jega wajen mai gyaran waya, ya dawo da makirufo, an kuma saka masa abin ɗaukar waƙa a ciki. Ya sauko da gurminsa na ƙuruciya daga rataye. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina koyarwa a Maiyama, kuma ni kaɗai ke leƙa shi ranar Asabar, don haka dole na zama mai saurare.

Matsalarsa ta farko ita ce babu 'yan amshi. Abokan waƙarsa na dā wasu sun mutu, wasu sun ce sun tuba. Sai ya riƙa ɗaukar muryarsa yana jerawa a kan juna, kowace ya raɗa mata suna: Arzika, Mamman da Ɗanjumma. Kowanensu yana da ɗan sandansa a fuskar kwamfuta, ka ja sama ya yi ƙarfi, ka ja ƙasa ya lafa. Wata Asabar ina zaure na ji ana faɗa a ɗaki, har na yi murna na ɗauka baƙo ya yi. Na tarar da shi shi kaɗai, yana nuna kwamfuta da yatsa.

"Umaru, zo ka gani. Arzika na, tun da sahe shina hawa bisa kaina. Waƙag ga tawa ta ko tashi?"

Na ce masa ai Kawu, Arzikan ma kai ne.

"Shi as sa na san halinai," in ji shi, ya finciko sandan Arzika ƙasa.

Kunnensa na hagu ya yi nauyi, kowa ya sani, amma ba a isa a faɗa ba. In bai ji gurmi ba sai ya ƙara masa, gurmi ya danne murya, ya ƙara wa murya, murya ta danne 'yan amshi, ya ƙara musu, har komai ya kai ƙololuwa 'yar wutar da ke nuna ƙarfin sauti ta koma ja. Na yi ta gaya masa jan nan alama ce sauti yana fashewa. Ya ce tunda yake bai taɓa faɗuwa a kan jar albasa ba, ba yau zai fara tsoron ja ba.

Ranar da ya gama waƙarsa ta farko, ya ce sai an gwada ta a mota. Muka shiga motar Jega, ya lallaɓi direba ya sa. Abin da ya fito ba gurmi ba ne, ba murya ba ce, wani gurnani ne mai haɗe da tartsatsi. Direba ya gangara gefen titi da sauri, ya fita ya buɗe gaban mota yana duba inji. Wata tsohuwa ta fara salati. Kawu ya zauna ƙyam yana kallon gonakin albasa ta taga, da muka sauka ya gaya mini a hankali cewa motar ce ba ta da lafiya.

Amma da na koma Asabar ta gaba, na ga duk sandunan sun sauko. Ya sanar da ni, da fuskar mai ba da karatu, wai ya gano wani abu da kansa: in ba ka jin ɗaya, kada ka ɗaga shi, sauran za ka rage. Waƙar kuwa ta fito tas, har ana jin zabuwa tana amsawa daga tsakar gida. Na ce a cire ta, ya ƙi, wai ita kaɗai ce ta zo ba a kira ta ba.

Da sanyin bara na same shi ya daina waƙa. Ya tono wani tsohon sauti a wayarsa, wanda ya ɗauku bisa kuskure wata rana yana cinikin albasa a waya. Shi ne a gaba yana ta ihu kan buhuna, can nesa a bayansa kuma Inna Kulu tana tankaɗe tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. So yake ya fito da muryarta. Sai dai su biyun a layi ɗaya suke, sandansu ɗaya. In ya ɗaga ta, ihunsa ya cika ɗaki. In ya rage kansa, ta ɓace. Ya tambayi mai gyaran waya, ya tambaye ni, muka ce iyakar saninmu ke nan.

"Ashe kullum tana waƙa bayana," ya ce, "ni ko ina ta kururuwar albasa."

Bai haƙura ba. Ya bi sautin sannu-sannu har ya sami wani ɗan wuri da ya yi shiru yana sauraron mai saye, ita kaɗai ke rerawa. Bai fi numfashi biyu ba. Ya yanko wurin, ya maimaita shi, ya shimfiɗa masa gurmi a ƙasa, taushi-taushi, ya sallami Arzika da 'yan uwansa, shi ma bai sa baki ba. Ya kunna mini, ya juyo da kunnensa mai kyau wajen lasifika, ya tambaye ni ko ina jin ta. Na ce ina ji, Kawu, ras. Ya ce in ƙara kunnawa. Ban koma Maiyama ba sai da rana ta yi sanyi.

Kafin ruwan farko ya sauka, Kawu ya bi matarsa. Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Inna Kulu a gidan Aljanna. Amin.